Hannun Hagu na Baffa Tanko

Duk shekara sai an turo mini yara 'yan istaj, wato masu koyon aiki bayan sun gama makaranta. Su zo da farar hular kwano sabuwa fil da takarda mai tambari, su ce sun karanta tsaron lafiyar ma'aikata. In na tambaye su mene ne aikin, sai su zayyano mini kamar karatun allo: a manna hotuna a bango, a raba takalman roba, a duba tukunyar kashe gobara, a cika littafi. Wani ma ya taɓa ce mini, da yake Shef ake kiran oga a nan, "Shef, ai aikin nan zaman biro ne, zaman ofis, suna kawai aka ba shi mai tsawo." Ban yi fushi ba, don ni ma da irin wannan kan na shigo. Abin da nake yi, sai in jawo aljihun teburina in ciro musu wata safar hannu ta zoben ƙarfe, ta hagu, wadda ta sha wanki har ta yi fari. Mai ita Baffa Tanko ne, ƙanin mahaifina, kuma saura ƙiris likita ya yanke hannun nan kafin safar ta shige shi. In kun ji yadda aka yi, sai ku faɗa mini ko zaman biro ne.

Mu mahauta ne tun kaka da kakanni. Kakanmu ya taso daga Damagaram zai tafi aikin hajji a ƙasa, guzuri ya ƙare masa a bakin kogin Shari, ya ce bari ya yi fawa ta shekara ɗaya ya ci gaba. Har yau muna nan Injamena cikin shekara ɗayar. Mahaifina ya rasu ina ƙarami, Baffa Tanko ya riƙe ni. Ranar da ya fara ba ni wuƙa in fiɗe akuya, na huda fatar wuri uku, na kuma yi amai a gefen kwata. Ya dube ni ya girgiza kai ya ce albasa ba ta yi halin ruwa ba. Washegari ya kai ni lakwal, makarantar Faransanci, ba don yana ganin darajarta ba, sai don bai ga inda zai sa ni ba. Tun daga nan yake kirana Musye Lawali, irin kiran masu Faransanci, kuma ba yabo ba ne.

Da na gama, a cikin shekarun casa'in, na samu aikin rubutu a wani kamfanin nama da ke kan hanyar Tukra, in an haye gadar Shaguwa. Baffa ne sarkin mahautan wurin, su wajen arba'in, yawanci Hausawa da Fulani, kowa Sarki yake ce masa. Aikina shi ne in tsaya a tsakiya: mai kamfani da Faransanci, masu kawo shanu da Larabci, mahauta da Hausa. Da aka fara aikin man fetur a kudu, sansanonin ma'aikata suka nemi nama mai yawa, amma suka sa sharaɗi cewa duk inda za su saya sai da mutum guda da ba shi da aiki sai kula da lafiyar masu aiki. Mai kamfani ya waiga ya ga ni kaɗai ne ba na riƙe wuƙa, ya ce in tafi koyo.

Takardar da na samo tana nan a bango, amma aikin a hannun Madam Selestin na koye shi. Dattijuwa ce 'yar kudu, ta yi shekaru tana aikin jinya a masana'anta kafin ta koma koyarwa. Ranar farko ba ta buɗe littafi ba. Ta kai ni wani shagon yankan katako a Shaguwa, ta ce in tsaya awa guda ban ce uffan ba, sannan in gaya mata abin da zai fara ji wa mutum ciwo a wurin. Na tsaya, na cika takarda da zarto da wayar lantarki da ƙusoshi. Ta karɓa ta ninke ta sa a jaka ba ta duba ba. Ta nuna mini mai injin da haɓa. Jelar kadamul ɗinsa, rawanin nan namu na Chadi, tana lilo tazarar yatsa huɗu daga bel ɗin inji duk sanda ya sunkuya. Awa guda ina kallon ƙarfe, ban kalli mutumin ba. Ta ce da ni da Larabci, "Inji yana nan inda aka ajiye shi, ya wiledi, ɗana. Mutum ne ke zuwa wurinsa."

Na dawo kamfani da kayan aikina: tocila, ma'aunin sanyi, akwatin magani, usur, jan kati na tsayar da aiki, da babban littafi mai baƙin bango na rubuta duk wanda ya ji ciwo. Watannin farko na yi abubuwan da har yau nake alfahari da su. Daɓen wurin fiɗa sumul yake, in jini da kitse suka haɗu a kai sai ya koma kamar an shafa sabulu. Na sa magini ya tsaga shi layi-layi ya karkatar da shi zuwa magudana. Ƙofar firigo, ɗakin sanyi, daga waje kawai ake buɗe ta. Na sa aka yi mata mariƙi ta ciki, bayan na rufe kaina a ciki minti biyar don mai kamfani ya ji ihuna. Na sa aka ɗinka wa kowa kube, don a daina soke wuƙa a ƙugu ana yawo da ita. Mahauta suka karɓi takalman roba da murna, har suna tafiya da su gida da damina. Hular kwano ma sun karɓa, ko da yake na sha tarar da ita cike da fura.

Safar ƙarfe ce suka ƙi. Ita a hannun hagu ake sa ta, hannun da ke riƙe nama yayin da na dama ke yanka, don kusan duk yankan mahauci a nan yake sauka. Ranar da na buɗe kwalin a gabansu, Baffa ya ɗago guda da tsinin barho, babbar wuƙarsa, kamar ya ɗago mushen ɓera.

"Musye Lawali, wannan kuma ta mece ce?"

"Baffa, don kada wuƙa ta kama mutum."

"Wuƙa." Ya juya ya dubi jama'a, suka fashe da dariya. "Kai ma an ba ka a kunu kana goye, ko ka manta? Duk wanda ya sa wannan a hannunsa ya ce ubansa maƙaryaci ne. Kalas, magana ta ƙare."

Ku da ba ku tashi a gidan fawa ba, sai na yi muku bayani. Kowane ɗa namiji a gidajenmu ana ba shi maganin ƙarfe tun yana yaro, kuma kowane gida da irin nasa, gado ne ba a sayarwa. Na ga Baffa da idona ranar salla a bakin rumfarsa ta Garan Marshe, babbar kasuwa, mai kalangu na zuga shi, yana goga barho a damtsensa kamar mai wasa ta a dutse, ko ɗigon jini babu. Ban zo in yi gardama da abin da na gani ba. Abin da ban gane ba a lokacin shi ne, in an ce ƙarfe ba ya cin mutum, to ranar da ya ci shi ba shi da bakin faɗa.

Na mai da kwalin ɗakin ajiya, ban damu ƙwarai ba, don littafina fes yake. Shekara ta zagayo ban rubuta ko suna ɗaya ba. Mai kamfani ya sa aka kafa allo a bakin ƙofa ana rubuta yawan kwanakin da aka yi ba haɗari, ya kuma yaba mini a gaban baƙi. Na gayyato Madam Selestin musamman don ta gani. Ta buɗe littafin, ta bi fararen shafukan ɗaya bayan ɗaya har ƙarshe, ta rufe.

"Mutum arba'in da wuƙaƙe, shekara guda, ba ko ƙwarzane?" in ji ta. "Ni albasa kawai nake yankawa a gida, ga yatsana. Littafinka ƙarya yake yi maka."

Na ji haushi har na ƙi raka ta bakin titi. Na ce a raina tsohuwa ba ta son ɗalibi ya fi ta.

Ba a yi wata biyu ba wata muguwar shekara ta faɗo mana. Akwai wani mai suna Sale, mutumin Maraɗi, ba a taɓa yin mai fiɗa irinsa a wurin ba; zai raba sa da fatarsa ba ka ga ko ɗigon nama a jikinta ba. Ya yi kwana uku bai zo ba, aka ce masassara. Na je gidansa a Shaguwa in gaishe shi, wari ya tare ni tun daga zaure. Ashe wuƙa ta kama shi tsakanin babban yatsa da manuni. Ya cusa toka da garin taba a ciki, ya ɗaure da tsumma, ya ci gaba da aiki kwana goma yana cusa hannun nan cikin tumbi da hanji. Da muka kai shi asibiti, likita bai ma yi dogon dubawa ba. Daga ƙasan gwiwar hannu aka yanke. Da ya farfaɗo na tambaye shi me ya same shi, don in rubuta. Ya kau da kai ya ce, "Ƙashi ne ya soke ni."

Ni na sauke allon bakin ƙofa da hannuna. Sansanonin suka dakatar da sayen nama na wani lokaci, mai kamfani ya daina amsa gaisuwata. Na koma wurin Madam Selestin kaina a ƙasa, ina jiran ta ce ai ta faɗa. Ba ta ce ba. Ta zaunar da ni kwana uku tana koya mini yadda ciwo ke ruɓa: zafi, kumburi, kaluluwa a hamata, da jan layin da ke tasowa daga ciwon ya bi hannu ya nufi sama. Ta ce in na ga layin nan, kada in yi lissafi da makonni, in yi da kwanaki, in ya wuce gwiwar hannu kuma in yi da awoyi.

Na dawo da zafina, na ce kowace safiya kowa ya miƙo hannu in duba kafin ya shiga. Wannan wauta ta yi kwana biyu kacal. Mutanen da suka ci naman sunana ne zan tsayar a layi kamar 'yan lakwal? Wani dattijo ya ce mini, "Ɗan nan, har ka yi girman da za ka bincike mu?" Suka wuce ni suka shiga, na tsaya da usur a wuya ba wanda zan busa wa.

Dabarar da ta cece ni a bakin famfo na tsince ta. Wata rana da azahar ina zaune ina jiran layin alwala, sai na ga wani Bafillatani mai suna Jaɓɓi ya zuba ruwa a hannunsa na hagu, fuskarsa ta motsa, ya cije leɓe. Abu ne na ƙiftawar ido. Na dubi na kusa da shi, na ga yana wanke yatsu huɗu yana tsallake ɗaya. Ashe shekara guda ina neman abin da ake shimfiɗa mini a gabana kullum sau biyu. Mutum zai iya ɓoye hannunsa a aljihu, ya ɓoye shi cikin jinin sa, amma ranar wanka ba a ɓoyon cibi, kuma ba mai tsayawa gaban Ubangijinsa ba tare da ya naɗe hannun riga har gwiwa ba.

Daga ranar na zama mai cika butoci. Da an kusa kiran salla sai in riga kowa zuwa, in zauna a kan dutse kusa da famfo, ina cikawa ina miƙawa. Suka ce Musye Lawali ya shiryu, yana neman lada. Ni kuwa ina karatun hannuwa. Na koyi gane wanda ke ɗiga ruwa a hankali maimakon ya kwara, da wanda ke shafa a kan tsumma, da wanda ya juya wa jama'a baya. Ba na magana a wurin. Bayan salla sai in je in ce, "Yaya, zo ka kama mini wani kwali a bayan firigo." A can na ajiye benci da sabulu da ruwan ɗumi da maganin ja da bandeji. In wanke, in ɗaure, in ya yi zurfi in ba shi takardar zuwa ɗinki da allura. Sannan in tambaya me ya same shi, ya ce ƙashi. Ni ma ina ganin bakin yankan a miƙe sumul, wanda ba ƙashin da ke yin irinsa, in rubuta ƙashi.

Wannan ba ya cikin abin da aka koya muku, kuma ban ce ku yi koyi da ni ba. Ciniki ne na yi: su ba ni hannu, in bar musu mutuncinsu. Littafi ya fara cika, ba wanda ya sake kwanciya. Madam Selestin ta duba ta yi dariya ta ce shanun Tukra ƙasusuwansu sun fi reza kaifi. Amma ta nuna mini inda cinikin ya cuce ni: muddin littafi na cewa ƙashi, safar ƙarfe za ta ci gaba da kwana a kwali, ni kuma in ci gaba da wanke ciwon da bai kamata a ji ba.

Ana haka bazara ta shigo, irin zafin nan da ke sa kwalta ta yi laushi. Ranar wata Talata na cika butar Baffa na miƙa masa, sai ya karɓa ya zagaya bayan garken shanu. Na ce ko uzuri ne. Laraba ma haka. Na lura yana sanye da riga mai dogon hannu a wannan zafi, kuma in zai riƙe cinya sai ya danne ta da tsintsiyar hannu, ba da yatsu ba. Ranar Alhamis da azahar na ajiye butocin na bi shi. Na same shi a tsugune ya naɗe hannun riga. Bayan hannunsa na hagu ya kumbura ya yi sheƙi, yatsun sun yi tsaye ba sa lanƙwasuwa, ga jan layi ya taso ya kusa taɓa gwiwar hannu. Na san abin da nake kallo, na riga na gan shi a gidan Sale.

Na durƙusa. "Baffa, don Allah mu tafi asibiti yanzu."

Ya sauke hannun rigar a hankali. "Wa ya kira ka nan?"

"Baffa, layin nan in ya wuce gwiwa, hannun ya tafi."

"Ƙashi ne. Na sa masa magani."

"Na yarda ƙashi ne. Haka zan rubuta. Ba wanda zai ji."

"In Sarki ya kwanta asibiti da hannu a naɗe, sai an rubuta kafin a ji?" Ya miƙe. "Tashi ka ba ni wuri."

Na ciro jan katin daga aljihu. Na ce ina da ikon hana shi aiki. Ya dubi katin, ya dube ni. "Ɗaga shi a gaban mutane," in ji shi, "amma daga yau kada ka ƙara taka ƙofar gidana." Na san ba wasa yake ba. Na kuma san ko na ɗaga, gida zai tafi ya kwanta da tokarsa, in rasa hannun in rasa Baffan. Na mai da katin aljihu.

A bakin titi na tare kilando, ɗan babur, na ce Shaguwa, ya yi sauri. Sale yana zaune a gindin wata bishiya da ɗan teburin goro da ashana. Tun da aka sallame shi ban sake zuwa ba, kunya ce ta hana ni, kuma kunyar ta ninka da na ga ya tashi yana yi mini maraba. Ban tsaya dogon gaisuwa ba, na faɗa masa abin da na gani.

"Ya kai gwiwa?" ya tambaya.

"Saura kaɗan."

"Ya ce ƙashi ne?"

Na gyaɗa kai. Ya yi wata 'yar dariya marar daɗi, ya ja buhu ya rufe goronsa, ya ce wa maƙwabcinsa ya duba masa. Muka hau babur mu uku. A hanya ban gaya masa abin da zai ce ba, don ni kaina ban sani ba.

Mun iso ana kiran la'asar. Jama'a suka yi ca a kansa ana gaisawa, shi kuwa idonsa na kan Baffa, wanda ya ɗauki buta zai zagaya. Sale ya tare shi ya rusuna.

"Sarki, barka da aiki. Tsaya mu yi alwala tare, na yi kewar famfon nan."

Ba yadda Baffa zai yi, ya tsuguna. Sale ya tsuguna kusa da shi, ya kama bakin hannun rigarsa da haƙori ya ja sama, ya miƙa hannunsa na dama, shi kaɗai ɗin da ya rage masa.

"Taimaka mini, Sarki. Ka zuba, ka cuɗa mini. Mai hannu ɗaya ba ya wanke hannunsa. A gida uwar yara ke yi mini, a kasuwa sai in roƙi duk wanda ya zo wucewa. Sau biyar a rana. Fiɗar ban yi kewarta kamar wannan ba."

Wanke hannun wani aikin hannu biyu ne, ɗaya ya zuba, ɗaya ya cuɗa. Baffa ya ɗauki butar da dama ya zuba, ya kawo na hagu zai cuɗa, yatsun suka ƙi. Ya sauya, ya kama butar da hagu. Ta kuɓuce ta faɗi, ruwan ya malale a ƙafafunsu. Ya daɗe yana kallon butar a kwance. Sale bai janye hannunsa ba. Ni na matso na ɗauki butar na cika, na wanke wa Sale, sannan na juya wurin Baffa. Ya miƙo mini na dama, na wanke. Aka yi salla. Da aka sallame Baffa ya ce, ba tare da ya dube ni ba, "Nemo mota."

A asibiti mai rubuta suna ta tambayi abin da ya ji masa ciwo. Na yi saurin cewa ƙashi. Likita ya tsaga hannun wuri biyu, abin da ya fito ba na faɗa a gaban mai shirin cin abinci ba ne. Ya ce da mun kai Asabar da wata maganar ake yi. Baffa ya yi kusan mako biyu a kwance. Ya fito da hannunsa, yatsu biyar cif, ƙaramin ne kawai ya ƙage bai sake lanƙwasuwa ba. Duk zaman nan ina kai masa abinci, bai ce mini na gode ba, bai kuma ce na yi laifi ba.

Ranar da ya dawo aiki, da safe kafin a fara yanka, ya tsaya a tsakiyar wurin fiɗa ya ce a tara kowa. Sannan ya ɗaga murya.

"Musye Lawali! Kawo littafin nan naka."

Na kawo. Ya ce in karanta abin da na rubuta a kansa, da ƙarfi. Na karanta: Tanko, hannun hagu, ƙashi.

"Goge."

Na tsaya ina kallonsa.

"Ba ka ji ba ne? Goge. Rubuta wuƙa. Wuƙar Tanko, a hannun Tanko, kitse ya sa ta zame." Ya kwance bandejin ya ɗaga hannun sama, ɗinkin a fili, ya juya shi kowa ya gani. "Ban ƙaryata ubana ba, Allah ya jiƙansa. Abin da ya ba ni ya ba ni. Amma bai ce in zubar da hannun da zan yi alwala da shi ba. Ina abar nan taka?"

Da gudu na je ɗakin ajiya. Kwalin ya yi ƙura har sai da na hure. Ya zura hannun a hankali saboda ɗinkin, na ɗaure masa maɗaurin a tsintsiya. Ya ɗauki barho ya goga a kan safar da ƙarfi, kamar yadda yake yi a damtse ranar salla, ƙarfe ya yi ƙara a kan ƙarfe. Wani ya yi kabbara. Kafin in rufe littafin sai ga Jaɓɓi a gabana yana sosa ƙeya. "Lawali, nawa ma na watan jiya, a goge." Bayansa wani, bayan wannan wani. Layin da na kasa tsayar da su da usur, ga shi sun tsaya da kansu. Ranar nan an yi lattin yanka, mai kamfani ya fito zai yi faɗa, ya ga abin da ake yi, ya koma ciki. Safar ba ta ishi kowa ba, sai da aka sake aikowa da wani kwalin.

Baffa ya sa tasa har ya bar aiki. Ranar da zai tafi ya ajiye mini ita a kan tebur ya ce, "Riƙe, Lawali." Ban san sanda ya yar da Musyen ba, sai a ranar na lura. Ita ce wannan da kuke juyawa a hannunku. Littafin ma yana nan, ku buɗe ku ga shafukan da aka yi wa gyara, sun fi takardar da ke bango daraja a wurina.

To, ku ajiye hulunan nan a kan benci, ba za su gudu ba. Kai mai cewa zaman biro ne, ɗauki butocin can ka bi ni. Azahar ta kusa.